Daga Bariki Zuwa Kujerar Matuƙi: Haƙƙin Ilimi Ga Sojan Da Ya Kammala Aiki

 

Mutanen Gombe ba sa buƙatar a gaya musu amfanin soja. Muna da barikin sojojin atilare na 301 a cikin gari. Mun kuma san abin da ya faru ranar 14 ga Fabrairun 2015, da 'yan Boko Haram suka kutso garin nan, sojojin ƙasa da jiragen yaƙi suka kora su. Da yawa daga cikin samarin da suka tsaya mana a waɗancan shekaru sun tuɓe kaki, wasu kuma na dab da tuɓewa. Tambayata ita ce: idan ɗayansu ya ce yana so ya zama matuƙin jirgin fasinja, wa zai biya masa?

Bari mu ga abin da ake nema a wurinsa. Ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, waɗanda hukumarmu ta sufurin jiragen sama, NCAA, ke bi, sun jera lasisin tuƙi hawa-hawa. Na farko lasisin tuƙi na ƙashin kai, mai buƙatar aƙalla sa'o'i 40 a sama, kuma mai shi ba ya karɓar ko sisi a kan tuƙinsa. Na biyu lasisin tuƙi na kasuwanci, sa'o'i 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Sai shaidar tuƙi da na'urori a cikin hazo da gajimare, da ta jirgi mai inji fiye da ɗaya. Wanda zai zama kyaftin a jirgin fasinja kuwa sai ya tara sa'o'i 1,500. Kowace sa'a daga cikin waɗannan kuɗi ce: man jirgi, ladan malami, gyaran inji, kuma yawancinsu da dala ake lissafa su. Kuɗin sallamar kurtu ba za su kai shi ko'ina ba a wannan hanya.

Amurka ta fuskanci wannan tambaya tun ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 22 ga Yunin 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka fi sani da G.I. Bill, wadda ta mayar da karatun tsohon soja haƙƙi a kan gwamnati. Kafin shirin ya ƙare a 1956, kusan mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a da shi. An sake sabunta dokar a 2008, inda wanda ya yi cikakkiyar hidima ke samun tallafin karatu na wata 36, kuma koyon tuƙin jirgi na ciki.

Sharuɗɗan da suka gindaya su ne abin lura. Wanda zai shiga makarantar tuƙi zalla, sai ya zo da lasisinsa na farko da takardar likita a hannu, sannan gwamnati ta ɗauki sauran, kuma akwai iyakar abin da za ta biya a shekara. Hikimar a fili take: wanda ya yi sa'o'i 40 ya riga ya gwada kansa, an san ba sha'awa ce ta kwana biyu ba. Sun kuma sha ɗaci a inda suka bar ƙofa a buɗe. A 2015 jaridun Amurka suka bankaɗo yadda wasu makarantun koyon helikwafta suka raɓe da kwalejojin gwamnati, inda babu waccan iyaka, suna cajin dubban ɗaruruwan daloli a kan ɗalibi ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu a nan me muke da shi? Muna da fansho da kuɗin sallama. Muna da Cibiyar Sake Tsugunar da Sojoji da ke Oshodi a Legas, inda masu shirin ritaya ke koyon kiwo, noma, ɗinki, walda da sauransu. Sana'o'i ne masu albarka, ba na raina su. Amma ba mu da dokar da ta ce shekara kaza na hidima ta ba soja ikon karatu kaza a makarantar da ya zaɓa. Sannan horon yana zuwa ne a ƙarshen aiki. Wanda ya yi shekara 35 a kaki, kwana nawa ya rage masa a sana'ar da ake sauka daga tuƙin jiragen ƙasa da ƙasa a shekara 65?

Abin takaicin shi ne, makarantar tana hannunmu. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya an kafa ta ne a 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Sojan Sama. Akwai wata a Ilori. Rundunar kanta tana horar da matuƙa a Kaduna da Kano da Inugu. Kamfanonin Max Air da Azman da Rano na 'yan Arewa ne. Filin jirginmu na Lawanti kuwa, daga nan alhazanmu kan tashi. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta sada waɗannan da sojan da ya gama aikinsa.

Don haka ina kawo shawarwari huɗu. Na ɗaya, Majalisar Tarayya ta yi dokar asusun ilimin soja, wanda zai riƙa taruwa gwargwadon shekarun hidima, a kuma ba mutum damar taɓa shi yana da sauran ƙuruciya. Na biyu, kuɗin su tafi kai tsaye ga makarantar da NCAA ta amince da ita, mataki-mataki, da iyaka sananna, kuma gwajin likita ya zo kafin a biya ko kwabo, domin ido ko zuciya na iya tsayar da mutum bayan an kashe miliyoyi. Na uku, a haɗa shirin da kamfanoni. Muna da matasa masu lasisin kasuwanci da ke zaune a gida saboda ba su da shaidar ƙwarewa a kan takamaiman jirgi irin Boeing 737, wadda ita ma kuɗi ce masu yawa. Kada mu ƙara musu yawa da tsofaffin sojoji. Na huɗu, kada a tsaya kan matuƙa. Makanikin da ya shekara goma yana kwance injin jirgin yaƙi na Alpha Jet ya cancanci a biya masa jarrabawar lasisin injiniyan jirgi. Haka mai kula da zirga-zirgar sama da ɗan kwana-kwana na filin jirgi. Waɗannan sun fi yawa, kuma horonsu ya fi araha.

Jihar Gombe ba sai ta jira Abuja ba. Hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha za ta iya ware gurabe kaɗan a shekara ga 'yan jihar da suka yi aikin soja, da marayun waɗanda suka rasu a bakin daga, a zaɓe su ta jarrabawa a bainar jama'a. Malaman Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere za su iya shirya musu darussan lissafi da kimiyya da Ingilishi kafin su nufi Zariya, tunda Ingilishin sadarwar jirgi ma sai an ci jarrabawarsa.

Ya ku 'yan majalisarmu da ke wannan zaure, duk ranar 15 ga Janairu muna ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye kuwa suna bin mu bashi, kuma ina roƙon ku ku kai wannan ƙuduri gaban majalisa, domin a fara biya da ilimi.