Ɗigo da Launi: Yadda Lissafin Albasa Ke Fitowa Fili a Kwamfuta

Yau zancen na ɗalibanmu ne masu haɗa kundin kammala karatu, musamman 'yan Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Manoman Kimba da Jega da Maiyama, ku ma kada ku gusa, da albasarku za mu yi misali.

A ce ɗaliba ta zaga wajen manoma 60, ta rubuta makonni nawa albasar kowa ta yi a rudu, da buhu nawa suka ruɓe. Lambobi sun cika littafi, ido ya rasa inda zai kama. Sai ta ja layi biyu: na kwance shi ne makonnin ajiya, na tsaye shi ne asara. Kowane manomi ya zama ɗigo guda, a daidai inda lambobinsa biyu suka haɗu. Wannan shi ne zanen ɗigo-ɗigo.

To ina launi ya shigo? Ɗigon nan 60, in duk baƙaƙe ne, za su nuna mata cewa daɗewa na ƙara asara, abin da kowane mai rudu ya riga ya sani. Amma ta ba albasar da aka cire da ɗanyen wuya launi ɗaya, wadda aka bari ganyenta ya kwanta ya bushe ta ba ta wani. In ɗigon farko suka taru a sama, na biyu suka kwanta a ƙasa, to ga abin da za ta koma ta faɗa wa manomi. Launi tambaya ce ta uku da ake ɗora wa zane, kuma wanda bai san tambayar da yake yi ba, gara ya bar ɗigonsa baƙaƙe.

Aikin a kwamfuta ba wuya. A manhajar MATLAB, wadda kamfanin MathWorks na Amurka ke sayarwa tun 1984, umarnin sunansa scatter. Abubuwa huɗu za ki ba shi a jere: lambobin kwance, na tsaye, girman ɗigo, sai jerin da za a ɗauki launi daga cikinsa. Daga nan ki rubuta colorbar, sandar da ke fassara launukan ta fito a gefe. In kuɗin lasisi ya gagara, akwai Octave, kyauta ce, kuma wannan umarnin take karɓa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne zaɓen launin. In garuruwa ake rarrabewa, Kimba daban, Aliero daban, Maiyama daban, a ba kowanne launin da ba ya kama da na ɗan'uwansa. In kuwa adadi ne mai hawa, kamar zafin rana ko yawan taki, launin ya riƙa tafiya a hankali daga duhu zuwa haske. Su kansu masu MATLAB sun daɗe suna sa launukan bakan gizo, sai a 2014 suka maye gurbinsu da jerin da ke tashi daga shuɗi mai duhu ya ƙare a rawaya, domin bakan gizon yana nuna wa ido iyaka inda lissafi bai yi iyaka ba. A kuma guji haɗa ja da kore: akwai mutane, galibi maza, da ba sa bambance su.

Sai abin da ya fi damuna. Yarinya ta kwana tana gyara launuka, da safe ta kai kundin shagon buga takardu, a fitar mata da baƙi da fari saboda bugun kala na da tsada. Ja ya koma toka-toka, kore ma haka, malami ya duba ya rasa wane ɗigo ne na wane gari. Maganinsa kyauta ne: a haɗa launi da siffa. Kimba da'ira, Aliero murabba'i, Maiyama tauraro.

Don haka ɗalibai, kafin ku kai kundi ɗauri, ku buga shafin zanen shi kaɗai da baƙi da fari, ku miƙa wa wanda bai san aikin ba. In ya karanta ba tare da ya tambaye ku ba, ku je ku ɗaure. Malamai kuma, don Allah ku riƙa tambayar yaran nan abin da kowane launi ke nufi.