Itatuwan Rani da Naman Daji: Abin Lura daga Ƙauyen Alu



Wanda ya ratsa Ƙauyen Alu a yau, a yankin Gyadi-Gyadi da Tarauni, ba zai ga kome ba sai gidaje da kantuna da hayaƙin motoci. Amma sunan wurin kansa shaida ne cewa dā ƙauye ne a bayan ganuwa, gonaki sun kewaye shi. Haka sunayen Kurna da Ɗorayi da Giginyu da Rijiyar Zaki suke tuna wa Bakano itatuwa da namun da birni ya kora. Tarihin Kano ma da maharba ya soma, gama Dala da Barbushe mafarauta ne. Makasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa naman daji itace yake bi, musamman itacen da ke zubar da 'ya'yansa a makare.

A Amurka mafarauta sukan dasa wata irin tuffar daji mai ƙananan 'ya'ya, wadda ba ta gama zubarwa sai sanyi ya yi tsanani, domin ta jawo musu barewar ƙasarsu sa'ad da abinci ya ƙare a ko'ina. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maharbin Hausa, sai dai shi bai dasa ba, ya tarar ne. Da damina nama yakan warwatsu, tun da ciyawa da ruwa suna ko'ina. Da kaka ɗinya ta nuna. In hunturu ya shigo sai magarya da kanya da aduwa su karɓa, biri da dila da gada su yi ta zarya a gindinsu. Ba banza aka ce kanya ta nuna biri ya karye ba. Maharbi ya san wannan jeri kamar yadda manomi ya san taurari, saboda haka yakan duba sawu da kashi a gindin itace, ya lura da inda iska ke kaɗawa, kana ya yi dako.

Sarki a cikin waɗannan itatuwa shi ne gawo. Halinsa ya saɓa wa na saura: yakan kaɗe ganye da damina, ya tofo da rani, ya kuma zubar da 'ya'yansa wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu, watau daidai lokacin da daji ya ƙone ƙurmus. Shanu sukan tsaya a ƙarƙashinsa suna sauraron faɗuwar ɗa guda, har aka sami karin maganar jiran gawon shanu. Abin da ya tsai da saniya shi ke jawo barewa da gada. Bugu da ƙari, gawo ba ya yi wa gero inuwa da damina, ganyensa kuwa taki ne.

Mai son raya irin waɗannan itatuwa tilas ya kiyaye abu uku. Na farko, ya gauraya iri, domin wani na ƙarewa wani na somawa. Ya kuma sani kanya tana da mace da namiji, guda ɗaya ba ta wadatarwa. Na biyu, irin gawo yana da tauri, sai an jiƙa shi da ruwan zafi, ko a bar wanda ya tsiro daga kashin awaki. Na uku, a kewaye dashe da ƙaya, a tsare shi daga akuya da gobara. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka nuna hanya mafi sauƙi, watau raya tohon kututturen da ke cikin gona, kuma miliyoyin kadada sun farfaɗo a Nijar ta haka.

Amma akwai haɗari, kuma nan ne maganar ta shafi ma'aikatan gandun daji da masu tsara gari. Itacen da ke tara nama da bazara yana tara shi ne sa'ad da yunwa ta raunana shi. In aka yi masa farautar gayya da karnuka da wuta, a shekara biyu sai a ƙare abin da aka yi shekara goma ana jira. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta sa sharaɗin lasin, ta kuma hana kashe waɗansu dabbobi. Lalle ne Sarkin Baka da dagaci su dafa mata: a bar mace mai ciki, a bar ƙanana, a ƙayyade lokaci.

Yau yaron Ƙauyen Alu in yana son ganin barewa sai ya tafi Gidan Zoo da aka kafa zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko ya yi doguwar tafiya zuwa dajin Falgore. Ƙauyukan da ke bakin Kano yanzu, ta wajen Kumbotso da Gezawa, suna kan matsayin da Ƙauyen Alu yake dā. Kafin a yanka gonakinsu fuloti, ya kamata a ware wuraren gawo da kanya a rubuta su cikin taswira, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa a yi aiki da abin da aka ji.