Ku Yi Magana Da Shi, Ba Da Ɗan Jagora Ba

Yau maganarmu kan makafi ce da masu raunin gani, da yadda ma'aikatunmu ke karɓarsu a nan Kafanchan.

Kudancin Kaduna ya san makanta. Shekaru da dama ƙudan bakin rafi ya makantar da mutane a ƙauyukanmu, kafin rabon maganin Mectizan ya rage cutar. Da yawa daga cikinsu suna nan da ransu. Suna zuwa asibiti, suna zuwa banki, suna zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Jema'a.

To, me suke tararwa? Makaho ya tsaya gaban tebur, ma'aikaci ya juya ga yaron da ke riƙe da sandarsa, ya ce, "Me yake so?" Ga mutum a tsaye, kunnensa ras, bakinsa ras!

Tun 2019 Najeriya ke da dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Amma doka ba ta koya wa mai gadi yadda ake tarbar baƙo. Horo ne ke koya masa.

Horon kuwa ba mai tsada ba ne. Faɗi sunanka idan ka matso. Kada ka fizge sandarsa, miƙa masa gwiwar hannunka ya riƙe. Karanta masa takarda duka kafin ya dangwala. In za ka fita, gaya masa, kada ya yi ta magana da bango.

Shugabannin ma'aikatu, ku gayyato makafin da kansu su koyar, ku kuma biya su ladan aikinsu.