Sharhi: Sayar da Gidan Zama da Harajin Riba

A Gagarawa har yanzu ana cinikin gida ne a zaure, gaban mai unguwa da shaidu, a yi addu'a a watse. To amma doka ma tana da bakin magana a cinikin nan.

Tun 1967 Najeriya take karɓar harajin ribar kadara, wanda a 2025 yake kan kashi 10 cikin ɗari na ribar da aka ci. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta haɗe wannan riba da sauran kuɗin shigar mutum.

Gidan da kake zaune da iyalinka an yafe masa wannan haraji, har da filin da ke jikinsa, muddin bai wuce eka ɗaya ba. Sai dai sabuwar dokar ta ce sau ɗaya tak a rayuwa za ka ci wannan rangwame. Gidan hayarka na Gumel ko shagonka na kasuwar Maigatari ba sa ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. A kan riba ake lissafi, wato bayan an cire kuɗin saye da na gini. Wanda bai adana shaidar abin da ya kashe ba, da me zai kare kansa gaban hukumar tara haraji ta Jigawa?

Don Allah, kafin ku karɓi kuɗin ciniki, ku sa a rubuta komai, shaidu su sa hannu, ku adana.