YADDA A KE ƊAURA GARMA MAI JUYI GA ƘARAMAR TARAKTA, DA YADDA A KE AIKI DA ITA

Jawabin malamin gona ga manoman auduga na ƙasar Faraku da Jugu

  Ni yaro ne a gabanku, ba zan koya muku noma ba, gama a hannunku na tarar da shi. Abin da ya kawo ni shi ne maganar ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, wadda a ke kira motokilta, da garmar nan mai juyi da a ke ɗaura mata a baya, wadda makanikai su ke ce wa firez.

Kun sani a dā da fartanya da garmar hannu a ke noman auduga a ƙasar nan. Daga baya shanun noma su ka shigo, har a shekarun 1970 a ka fara ƙera garmar shanu da amalanke a ma'aikatar COBEMAG ta nan Faraku. Yau auduga ta yi yawa ƙwarai, har a kakar 2021 zuwa 2022 abin da ƙasar Benin ta noma ya haura ton 700,000. Gonaki sun ƙara faɗi, amma kwanakin shuka ba su ƙaru ba. Watan Yuni ne da farkon Yuli, wanda ya wuce nan ya makara, kuma kowa ya san audugar da ta makara ba ta cika buhu. Shanu biyu su kan ci kwana huɗu ko biyar kafin su gama hekta guda. Wannan mota, in tana da lafiya, ta kan gama a yini ɗaya ko yini da rabi. Dalilin da ya sa ƙungiyoyi su ke cin bashi su saye ta ke nan.

Ita motar kamar sa ce, abin da a ka ɗaura mata shi za ta ja. Yau a sa mata amalanke ta kai taki, gobe a sa mata garma. A ƙasar Turawa ma, lokacin hunturu, su kan ɗaura wa irinta wani abu mai juyi ya riƙa watsar da ƙanƙara daga kan hanya. To, cikin kayan da a ke ɗaura mata duka, wanda ya ke juyi da ƙarfin inji shi ya fi wuyar ɗaurawa, shi ya fi kuma hatsari. Don haka ku ba ni hankalinku.

TUN KAFIN RUWA YA SAUKA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a watan Afrilu ko farkon Mayu za a fito da garmar a duba ta. A ƙirga haƙoranta, a ga wanda ya karye da wanda ya cinye. A duba notuna, a duba bel. Abin da ya ɓace a aika Faraku ko Jugu a sayo tun da wuri, gama ranar da ruwa ya sauka kowa shi ya ke nema.

Gonar ma tana bukatar shiri. A sare karan audugar bara a kwashe. A cire kututture. Inda a ke da saiwar kaɗanya ko ta ɗorawa a sarari, ko tudun marmara, a kafa sanda don mai tuƙi ya gani ya kauce. A tsince manyan duwatsu da waya da tsofaffin buhunan taki, don su ne ke nannaɗewa a jikin haƙora.

ƊAURAWA

Motocin ba iri ɗaya ba ne, saboda haka littafin da ya zo da taku shi ne alƙali. In ba mai karanta shi, ku kira ni. Amma irin wadda ta fi yawa a wajenmu, mai shan gazuwal, ga yadda a ke yi mata.

1. A tsai da mota a wuri mai ƙarfi, wanda ba gangare. A kashe inji, a bar shi ya huce. A sa dutse gaba da bayan tayoyi. A sauke ƙafar tsayawa ta gaba, a karkata motar gaba kaɗan don kada man giya ya zubo.

2. A kwance ƙarfen jan amalanke da ke bayan akwatin giya. A yawancinsu noti huɗu ne. A zuba notunan cikin kwano, kada a ajiye su a ƙasa. Da an cire shi za ku ga kafa a buɗe, da haƙoran giya a ciki. A share bakin kafar da tsumma mai tsabta. Yashi ko cikin cokali ɗaya ne ya shiga nan, zai ci giya.

3. A duba takardar nan mai kauri da a ke sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don ta tare mai. In ta yage a sake wata.

4. Mutum biyu su ɗaga garma su kawo bakinta daidai da kafar. Nan ne a ke yawan yin kuskure. Giyar garma tilas ta shiga cikin giyar mota, haƙori tsakanin haƙori. In ta ƙi zama, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya juya sandar haƙoran da hannu a hankali, za ku ji ta faɗa da kanta. Kada a buga da guduma. Kada kuma a ce a ɗaure noti ya ja ta da ƙarfi, haka akwatin giya ke tsagewa, kuma kuɗin gyaransa zai ci ribar gona.

5. In ta zauna daram, a ɗaure notuna da sifana bi da bi, na sama na dama, sa'an nan na ƙasa na hagu, a yi ta zagawa har su yi ƙarfi daidai.

6. A duba mai a akwatin giya da kuma akwatin sarƙar garma. A sa giris inda a ke sawa. A mai da murfin da ke rufe haƙora. Wannan murfi ba ado ba ne, shi ke tare dutse daga ƙafar mai tuƙi.

7. A danna bel a tsakiya da yatsa. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1 zuwa 2. In ya yi sako-sako zai riƙa sulɓewa yana zafi, in ya yi tsauri da yawa zai ci boris.

Haƙoran kuwa iri biyu ne, akwai mai lanƙwasa dama, akwai mai lanƙwasa hagu. In a ka jera su a gauraye, wannan dama wannan hagu, ƙasa za ta kwanta daidai. In a ka juyo su duka suna duban tsakiya, za su tara ƙasa a tsakiya. Ko yaya a ka jera su, lalle kaifin ya dubi wajen da a ke juyawa. Na taɓa tarar da mutane suna zagin mota wai ba ta da ƙarfi, ashe haƙoran a ka sa da baya, tana dukan ƙasa da ƙeya.

In an gama, a juya haƙoran da hannu tun inji yana kashe, a ji ko akwai inda su ke gogar ƙarfe. Sa'an nan kowa ya ja da baya, a sa giya a sake, a ta da inji, a ɗaga bayan motar, a sa garma ta yi juyi a hankali. In an ji ƙara baƙuwa a kashe a duba. Bayan awa guda ta aiki a sake bin notuna duka da sifana, gama girgiza ta kan sassauta su.

A GONA

Ku dubi ƙasa tukuna. Ku damƙi ƙasa a hannu. In ta dunƙule, amma da an taɓa ta da yatsa ta marmashe, to, lokaci ya yi. In ta manne kamar tuwo, ruwa ya yi yawa, a jira. In kuwa busasshiya ce ƙamas, haƙora za su cinye a banza, kuma motar za ta riƙa tsalle.

Zurfi ana daidaita shi da ƙaramar tayar da ke baya. Santimita 10 zuwa 15 ya isa, watau kamar tsawon tafin hannu. A tafi da giya ta ɗaya ko ta biyu. A sauke haƙora cikin ƙasa sannu sannu bayan mota ta fara tafiya. Wanda ya sake su gaba ɗaya a ƙasa mai tauri, motar za ta zabura gaba ta fizge shi.

Kada a yi ta maimaita wuri ɗaya don a ga ƙasa ta yi laushi kamar gari. Ƙasarmu ta nan mai yashi ce, ba ta da nauyi. In ta zama gari, ruwan farko zai daɓe ta, ta yi ɓawo, tsiron auduga ya kasa fasowa, sauran kuma ruwa ya kwashe zuwa rafi. Bi ɗaya ya isa, a bar ƙananan hoge. Inda gona ta ke da gangare a yi noma a gicciye, kada a bi hanyar ruwa. Bayan haka a ja igiya a yi shuka a layi, santimita 80 tsakanin layi da layi.

Gonar da tofa ko aya-aya ta kama, kada a sa mata wannan garma tukuna. Haƙoran za su daddatse saiwar, kowane guntu ya tsiro, ku wayi gari kun shuka ciyawa da kuɗinku. A fara maganin ciyawar, ko a juye ƙasar da garmar shanu rana ta kashe saiwar.

In za a juya a bakin gona, a rage wuta, a ɗaga haƙora. In za a yi baya, ko za a hau hanya, lalle a cire garma daga juyi. Mai yin baya da haƙora suna juyi, ƙafarsa su ke bi. Kada a tuƙa da babbar riga ko rawani mai jela, a sa taguwa da takalmi mai rufi. Yara su tsaya nesa, gama dutse ya kan fita kamar harbin gwafa. A riƙa duba ruwan inji, a ƙara mai tsabta tun bai ƙafe ba.

IN TA SHAƘE

Yanzu na zo ga abin da na fi so ku tafi da shi gida. Ko yaya a ka gyara gona, wata rana ciyawa ko igiya za ta nannaɗe haƙora, su tsaya.

Shekara biyu da su ka wuce, a wani ƙauye da ke kan hanyar Faraku zuwa Jugu, ina tsaye haka ta faru. Wani saurayi sa'ana ne ke tuƙi, gwani ne kuwa, ba ya wasa da aiki. Hadari ya haɗo, ga mutum uku suna jiran layi. Garma ta shaƙe da tofa. Ya cire ta daga juyi, amma ya bar inji yana aiki, don ta da shi da hannu akwai wuya. Ya durƙusa yana jan ciyawa. Ƙanensa ya zo zai taimaka, ya dafa hannun motar, ya taɓa sandar da ke sa garma juyi. Kafin a ce kwabo yatsu biyu sun tafi. A bayan babur mu ka kai shi asibiti. Ni ma ina da laifi, gama na ga inji yana aiki, na ji nauyin in yi masa magana a gaban mutane. Tun daga ran nan ban ƙara jin wannan nauyi ba.

Motar ta yi kwana tara a tsaye don ba wani mai tuƙi. Waɗanda ke jiran layi su ka makara da shuka, bashin kuwa bai jira kowa ba.

Saboda haka, in ta shaƙe, ga abin yi, kuma ba sauyi. A tsai da mota. A sa giya a sake. A cire garma daga juyi. A kashe inji. A jira har kome ya yi tsit. Sa'an nan a yanke ciyawar da lauje, a jawo ta da ƙugiyar ƙarfe. Mutum ɗaya kaɗai zai yi, kowa ya cire hannunsa daga jikin mota. Kowace ƙungiya ta sa maƙeri ya ƙera mata ƙugiya a rataye a jikin motar. Ta da inji minti biyu ne. Yatsa kuwa ba a sai da shi a kasuwar Arzeke.

BAYAN AN TASHI

Kowace yamma a kankare ƙasa daga haƙora, a bi notuna, a duba mai. A wanke matatar iska, don ƙura ita ce ajalin inji. In damina ta wuce a kwance garma, a mai da ƙarfen amalanke ya rufe kafar, a shafa wa haƙora baƙin mai, a ɗora ta bisa itace a cikin rumfa.

Shugabannin ƙungiya, ina roƙonku abu biyu. Ku sa mutum biyu su koyi tuƙi, kada ku dogara ga ɗaya. Ku ajiye littafi a riƙa rubuta wanda a ka yi wa aiki, da man da a ka sha, da abin da ya biya, a ware kuɗin gyara tun daga hektar farko.

Wanda zai ɗaura garmarsa bana, ya aiko mini tun kafin ranar, in zo mu yi tare. Tambaya ba ta ɓata mutum.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu. Haza wasalam.