Kayan Gyaran Kwamfuta a Bagudo

Masu gyaran kwamfuta da waya a Bagudo, ƙaramar hukumar da ke iyaka da Jamhuriyar Benin ta Tsamiya da Lolo, ba su cika dogaro da gidan waya ba, domin kayan da aka saya daga ƙasar Sin kan shafe makonni a hanya. Galibi sukan tura kuɗi kasuwar Farm Centre ta Kano, direban mota ya kawo musu aisi, wato ƙwayar da ke sarrafa wuta cikin na'ura, sai dai ba a gane jabu sai an narka dalma an liƙa ta. Don haka ya kamata dillalan kasuwar su riƙa karɓar kayan da suka ƙi aiki idan an mayar musu.