Jawabin Taro: Tsintuwar Cikin Gida Ba Kayan Gwangwan Ba Ce

Iyayenmu, 'yan'uwanmu mazauna Majidaɗi.

Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, amma babba ne a zuci. Duk lokacin da aka haƙa harsashin gini ko rijiya a gidajenmu na gado, ko aka zagaya tsakar gida da na'urar nan mai gano ƙarfe a ƙasa, sai a yi ta tono anini, da kwabo mai huji, da warwaron kakanninmu mata. Kafin magariba yara sun kai wa 'yan gwangwan an auna a sikeli. Haba jama'a!

Kuɗin nan sun daina ci tun zuwan naira a 1973. Sun girmi Jihar Taraba ta 1991. Da irinsu iyayenmu suka yi fatauci har suka kafa mana gidaje a Jalingo. Ba za su sayi ko goro ba yau, amma shaidar zamanmu ce a nan.

Saboda haka muna roƙo, abin da aka tono a kai wa dattijon gida ya adana. Idan gidan saye ne, a yi cigiyar magadan masu shi na farko.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.